Kafin Dogo Ya Iso Mu, A Rubuta Inda Muke Ƙetarawa

   

Jama'a masu saurare, yau maganar jirgin ƙasa za mu yi. Na san wani dattijo zai ce, "Ɗana, mu da ko taku ɗaya na layin dogo babu a jihar Tawa, ina ruwanmu da wannan zance?" Baba, gaskiyarka, babu. Amma ka ba ni aron kunnenka kaɗan. Samarin Adar da ke zuwa biɗa Abijan da Legas da Kwatano sun san jirgi, sun ƙetara layinsa da ƙafa da babur. Direbobinmu da ke kai albasa da dabbobi kudu suna ƙetara shi. Kuma dogon yana matso mu.

Jirgi ya isa Kano tun 1911. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Ta wajen Kwatano kuwa, layi ya tsaya Paraku a 1936, shi ya sa shekara da shekaru kayan Nijar daga can aka riƙa sauke su ana ɗora wa manyan motoci. Ranar 7 ga Afrilu 2014 aka buɗe tashar jirgi a Yamai, zamanin shugaba Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji a nan jiharmu, kuma kamfanin Bolloré ya shimfiɗa layin kimanin kilomita 140 zuwa Dosso, aka kammala a farkon 2016, sai dai bai shiga jigilar kasuwanci ba. Na kusa da mu shi ne layin Kano zuwa Maraɗi, wanda shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke riƙe da shi, tsawonsa kimanin kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara tsayawa Maraɗi, albasar Galmi da shanun Abalak can za su nufa. Ke nan zancen namu ne.

Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne wurin da hanyar mutane ke gicciye layin dogo, wato maƙetara. A nan ne jirgi da mota da amalanke da garken shanu ke neman wucewa ta wuri guda. Kuma a nan ne ake asarar rayuka da yawa, saboda wani abu da kowa ya kamata ya sani: jirgi ba ya kaucewa, kuma ba ya tsayawa nan take. Ƙafarsa ƙarfe ce tana tafiya bisa ƙarfe, riƙon bai kai na taya da kwalta ba. Jirgin kaya mai nauyi da ke gudun kilomita 90 a awa, in direbansa ya taka birki yanzu, sai ya ci fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya. Ga shi ido yana yaudarar mutum: babban abu in yana tahowa daga nesa sai ka ga kamar a hankali yake tafiya, alhali ya kusa.

To, ƙasashen da suka daɗe da jirgi sun gano cewa kafin shinge, kafin ƙararrawa, kafin mai gadi da jar tuta, akwai abin da ya riga su duka, shi ne rubutu. Dole hukuma ta san maƙetara nawa take da su, ina suke, wa ke da alhakin kowace.

Mu ɗauki Amurka. Tun farkon shekarun 1970 suka fara kundin ƙasa na duk wurin da hanya ta gicciye dogo, kuma yau wuraren sun haura 200,000. Kowace maƙetara tana da lambarta, alƙaluma shida da harafi ɗaya, babu biyu masu lamba iri ɗaya. A jikin sanda kusa da layi akwai shuɗin allo ɗauke da wannan lamba da lambar waya. In mota ta mutu bisa layi, direba ba sai ya tsaya kwatance ba. Ya kira, ya karanta lambar, mai kula da zirga-zirgar jirage ya san wurin, ya tsai da jirgin da ke tahowa. Da fari kamfanonin jirgi da jihohi don ganin dama suke aika bayani, sai kundin ya cika da tsofaffin labarai: an rufe hanya kundi bai sani ba, ƙauye ya zama gari kundi yana nan da tsohon lissafi. Dokar 2008 ta mai da abin wajibi, ƙa'idojin aiki da ita suka fito a 2015. Sabuwar maƙetara, a kai rahotonta cikin wata shida. An rufe wata, ko an sauya shinge ko fitila, a sanar cikin wata uku. Ko ba abin da ya sauya, duk shekara uku a sake duba bayanin a tabbatar da shi.

Me ake rubutawa? Inda wurin yake daidai bisa taswira. Layi nawa ne. Jirgi nawa ke wucewa da rana, nawa da dare, da irin gudunsu. Mota nawa ke bi, nawa ne manya a cikinsu, ko motar 'yan makaranta na bi. Ko hanya ta yanke layi kai tsaye ko a karkace, domin a karkace direba ba ya ganin abin da ke zuwa ta gefen kafaɗarsa. Sai irin gargaɗin da ke wurin: allo ne kawai, ko fitila, ko shinge mai sauka. In hatsari ya faru, da wannan lamba ake rubuta shi. Shekara ta zagayo, sai a ga wace maƙetara ce ta fi cin mutane, a kai kuɗin gyara can tukuna. Gwamnatin tarayyarsu tana ware dala miliyan 245 a shekara don wannan aiki. A farkon shekarun 1970 karo tsakanin jirgi da mota a can yana kaiwa wajen 12,000 a shekara. Yanzu yana wajen 2,000. Kundi kaɗai bai yi wannan ba, akwai faɗakarwa da gadoji da shingaye, amma shi ne ya nuna inda za a sa su.

Faransa, wadda tsarin mulkinmu ya ɗauko abubuwa da yawa daga nata, tana da maƙetara kimanin 15,000. Tun dokar 18 ga Maris 1991 aka kasa su kashi huɗu: masu shinge, marasa shinge, na masu ƙafa, da na gonaki ko masana'antu masu zaman kansu. Kowace da takardarta, da sa hannun prefe. Duk da haka, ranar 14 ga Disamba 2017, a garin Millas, jirgi ya kaɗe motar 'yan makaranta, yara shida suka rasu. Bayan nan ne dokar 2019 ta wajabta wa masu kula da hanyar mota da masu kula da dogo su zauna tare su binciki kowace maƙetara lokaci-lokaci. Ku lura da wannan "tare" ɗin. Maƙetara wuri ne mai iyaye biyu, kuma in ba a rubuta aikin kowa ba, mai hanya zai ce na mai dogo ne, mai dogo ya ce na mai hanya ne, ciyawa ta rufe allo ba wanda ya sare ta.

Kusa da gida ma abin ya faru. A Masar, cikin Nuwamban 2012, kusa da Manfalut a lardin Asyut, jirgi ya afka wa motar makaranta, yara kusan 50 suka rasu. A Legas, ranar 9 ga Maris 2023, a maƙetarar PWD da ke Ikeja, jirgi ya ja wata doguwar motar ma'aikata, mutum shida suka rasu, da dama suka ji rauni. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Indiya kuwa, wadda ta yi fama da irin wannan, ta ƙidaya duk wuraren da ba su da mai gadi a manyan layukanta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu ta rufe, wasu ta yi musu hanya ta ƙarƙashi, wasu ta sa mai gadi, ta sanar da kammalawa a farkon 2019. Da ba ta ƙidaya ba, ba ta da yadda za ta san ta gama.

Yanzu mu dawo Adar, domin a nan ne zancen ya fi damuna.

In aka ɗauko takardar Amurka ko ta Faransa aka kawo mana yadda take, za ta cuce mu. Lissafinsu na matsakaicin yini ne: mota nawa ke bi a rana, a ninka da jirgi nawa, a ga ko wurin ya cancanci shinge. A ƙasarmu wannan lissafi ba ya faɗin gaskiya. Burtali zai yi wata da watanni babu kowa a kansa sai ɗan akuya. Damina ta faɗi, sai garkuna su taso daga kudu su nufi Azawak da Ingal, dubban kawuna cikin 'yan makonni. Kaka ta yi, a jira ranar sakin gonaki da hukuma ke tsayarwa, su gangaro kuma. Injiniyan da ya zo cikin watan Afrilu ya zauna kwana uku yana ƙirga masu wucewa, zai rubuta cewa wurin ba kowa, kuma bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ke nan. Haka hanyar kasuwa: wanda ya ƙirga hanyoyin shiga Tawa ranar Talata bai ga abin da ke bin su ranar Lahadi ba. Haka hanyar rijiya da mata da yara ke bi da jakai tun da asuba, wadda ba ta cikin taswirar kowa.

Kuma garke ba mota ba ne. Mota tana ƙetara layi cikin daƙiƙa kaɗan. Garken shanu 300, da maruƙa a baya, da raƙumin da ya ga ƙarfe ya toge, sai ya ci mintoci masu yawa, kuma ba a ce wa saniya ta koma. Ƙararrawar da aka auna don mota ba ta isa makiyayi ba. Habasha ta ɗanɗana wannan. Layin Addis Ababa zuwa Jibuti, wanda ya fara jigilar kasuwanci a 2018, ya ratsa ƙasar makiyaya, jirage suka riƙa kaɗe raƙuma da awaki, aka yi ta rikicin diyya, har aka rage gudun jirgi a wurare. A Kenya kuwa, layin Mombasa zuwa Nairobi da aka buɗe a 2017 an ɗaga shi sama a wurare, aka bar mashigai ta ƙarƙashi a dajin Tsavo don giwaye da sauran namun daji su wuce. In an iya yi wa giwa hanya, ai ana iya yi wa saniyar Azawak. Sai dai ana yin hakan ne tun aikin yana bisa takarda. In an riga an tara ƙasa an ɗora ƙarfe, fasa shi don a buɗe mashiga kuɗi ne mai yawa, kuma da wuya a samu mai biya.

Abin farin ciki, mu a Nijar ba daga babu za mu fara ba. Muna da dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa kwamitocin kula da filaye: Cofob a ƙauye ko ruga, Cofocom a komin, Cofodep a gunduma. Muna da dokar makiyaya ta 20 ga Mayu 2010, wadda ta amince cewa tafiya da dabbobi haƙƙi ne, kuma burtali dukiyar jama'a ce, ba a sayarwa, ba a nomewa. Tun 1961 ma akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, wadda ta ratsa jiharmu. Aikin waɗannan kwamitoci ne su bi burtali da mashaya da makiyaya, su auna, su kafa alamun siminti, su shigar da su kundin filaye. Duk wanda ya taɓa zaman sulhu tsakanin manomi da makiyayi ya san bambancin burtalin da ke da alama da takarda da wanda sai dai a ce "tun kakanninmu nan muke bi." Na farko ana buɗe kundi magana ta ƙare. Na biyu sai rantsuwa da shaidu, wani lokaci har a zub da jini, kamar rikicin manoma da makiyaya da ya faru a Bangi ta gundumar Madawa a Nuwamban 2016. Allah ya kiyaye gaba.

Ranar da masu auna layi suka zo, wannan kundin za su tambaya. Abin da suka tarar a ciki shi za su yi wa gada ko mashiga. Abin da ba su tarar ba, za su ratsa ta kansa, ba don mugunta ba, don ba wanda ya nuna musu.

Kada kuma mu ce sai jirgi ya zo. Muna da abin gwaji a ƙofar gida. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 don jigilar yuraniyom, ta ratsa ƙasar kiwo fiye da kilomita 600. Wanda ya bi ta wajen tafkin Tabalak da rani ya san yadda dabbobi ke gangarowa shan ruwa suna gicciye kwalta, ga manyan motoci da bas-bas na Agadas suna tahowa. Haka hanyar Tawa zuwa Tsarnawa, ta Badagishiri, ranar kasuwa. Kowane mai gari ya san inda aka kaɗe saniyar wane, inda mota ta faɗi garin kauce wa jaki, inda yaro ya rasu yana kora awaki. Wannan sanin yana cikin kawunan mutane, kuma mutum yana mutuwa da abin da ke kansa. Jandarma na rubuta hatsarin da aka kira su. Amma nawa ne ake sasantawa a bakin hanya, a biya kuɗin akuya, kowa ya kama gabansa? Waɗannan ba sa shiga lissafin kowa, don haka in hukumar kiyaye haɗurra, ANISER, ko ma'aikatar hanyoyi ta tashi rabon alluna da tudun rage gudu, wurin da ya fi buƙata yana iya zama shi ne ba a san da shi ba.

A ganina, ga abin da kowane ƙauye da kowace ruga da kwalta ta ratsa za su iya yi, ba tare da jiran kowa ba. Mai gari ko arɗo ya tara mutanen Cofob, da liman, da malamin lakwal don rubutu, da wakiliyar mata, domin mata sun fi kowa sanin hanyar ruwa da ta itace. A samu littafi mai kauri. A taka ƙafa a je kowane wurin da mutane ko dabbobi ke ƙetara hanya, a ba shi lamba, a rubuta sunan da mutanen wurin ke kiransa da shi. Yaran yanzu wayoyinsu na nuna inda mutum yake tsaye bisa taswira. A rubuta wannan ma. Sa'an nan a rubuta su wa ke bi, a wane wata, da wane lokaci na yini, kuma garke mafi girma da ke bi ya kai kai nawa. In akwai kwana ko tudu ko itatuwan da ke tare wa direba gani, a faɗa. Duk hatsarin da ya faru, ko na tunkiya ɗaya ne, a sa ranarsa a ƙarƙashin lambar wurin. A kai kwafi ga Cofocom da magajin gari, a karɓo shaidar an kai, a ajiye na gida. Kuma a tsai da lokacin sabuntawa, misali bayan kowace kaka, don kada ya zama irin kundin Amurka na farko da ya tsufa a cikin akwati. An haƙa sabuwar rijiya, an buɗe lakwal a tsallaken hanya, kasuwa ta sauya wuri, duk waɗannan suna sauya inda ƙafa ke bi.

Iyayenmu sarakuna, wannan aiki ba ya tafiya sai da bakinku. Ku ne hukuma ke fara sallama wa in an zo da babban aiki, kuma in kuna da littafi a hannu, maganarku a zaman tuntuɓa za ta yi nauyin da ba za a ture ba. Shugabannin ƙungiyoyin makiyaya, ku ma hakanan: mutanenku ba sa nan lokacin da ake yawan yin irin wannan zama, suna daji, don haka ku ne idonsu. Ga hukuma kuma roƙona ɗaya ne. Kafin jirgin farko ya shigo Maraɗi, a samu doka bayyananniya da ta ce wace ma'aikata ce ke riƙe da kundin maƙetara na ƙasa, wa zai kai mata rahoto, cikin wane wa'adi, kuma kowa ya iya dubawa. Layin zai haɗa ƙasa biyu, don haka lambar wayar da ke jikin allo a Ɗan Isa, nan ɓangaren Nijar, ta zama wadda in an kira za a samu mai jin Hausa, kuma mai ikon tsai da jirgin da ya taso daga Jibiya.

Sai ku 'yan'uwana direbobi da 'yan kabu-kabu, da samarin da ke shirin tafiya biɗa. In kun iso layin dogo, ko da kun ga ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa, ku rage gudu, ku kashe kiɗa, ku sauke gilashi, ku duba dama da hagu. In shinge ya fara sauka, ku tsaya, kada ku zagaye shi ko da na gabanku ya zagaye. Kada ku hau layi sai kun ga akwai filin da zai ɗauki motarku duka a tsallake. A cunkoson Kano da Legas nan ne mutane ke maƙalewa. In layi biyu ne, jirgi ɗaya ya wuce, ku dakata, wani na iya tahowa ta ɗaya ɓangaren. Mai doguwar mota mai ƙasa-ƙasan ciki ya duba tudun maƙetara kafin ya hau, don cikin motar na iya zama bisa ƙarfe. In kuwa mota ta mutu bisa layi, a fitar da kowa nan take, a bar kaya. A gudu nesa da layin, a karkata wajen da jirgin ke tahowa, domin tarkacen mota gaba jirgi ke watsa shi. In akwai allo mai lamba, a kira a karanta lambar. Makiyayi kuma kada ya tura garke bisa layi sai ya aika mutum gaba ya tsaya inda yake hangen nesa ta kowane ɓangare, a raba garken kashi-kashi a ƙetarar da shi.

A shirinmu na gaba, in Allah ya kai mu, za mu bi matakan shigar da burtali ko mashaya cikin kundin filaye, tun daga zaman Cofob har zuwa kafa alamu, da takardun da ake buƙata a kowane mataki. Wanda ƙauyensu ya riga ya yi, ya aiko mana da yadda suka yi mu karanta wa jama'a. Mu kwana nan.